Daga roka zuwa tankar yaƙi: tambayoyi da amsoshi kan manyan motoci

A garejin kawuna na tashi, a nan Maraɗi. Na yi shekara shida ina yaron mota a hanyar Kwatano kafin in dawo gida in riƙe sifana. Yanzu yaran da ke koyon aiki a hannuna kullum sai ɗaya ya miƙo mini waya: "Maigida, dubi wannan, gaskiya ce ko haɗi ne?" Wani lokaci motar haƙar ma'adinai ce mai tsayin bene, wani lokaci tankar yaƙi ce da ba ta yi kama da komai ba. Direbobi ma in sun zo jiran gyara, sukan kawo tasu gardamar a gindin bedi. Tambayoyin da suka fi dawowa su ne na tara a nan.

Wace mota ce ta fi kowace girma a duniya?

In motar ɗaukar kaya ake nufi, BelAZ 75710 ce, wadda aka ƙera a ƙasar Belarus a 2013. Tana ɗaukar tan 450 a sawu ɗaya. A lissafinmu na kasuwa, buhun gero 4,500 ke nan mai kilo ɗari-ɗari. Ita kanta ba kaya tana da nauyin tan 360, tsawonta ya zarce mita 20, tsayinta ya zarce mita 8, faɗinta ya kusa mita 10. Injin gazuwal biyu gare ta, kowane mai ƙarfin doki 2,300, amma ba su ke juya tayoyin kai tsaye ba. Wuta suke bayarwa, wutar ta juya tayoyi takwas.

Yaran sukan tambaya yaushe za ta zo Nijar. Ba za ta taɓa hawa kwaltar Yamai zuwa Damagaram ba, don ta fi hanyar faɗi, kuma babu gadar da za ta ɗauke ta. Gunduwa-gunduwa ake kai ta mahaƙa, a haɗa ta a can, ta yi rayuwarta tsakanin rami da wurin juye, ta tsufa a can.

Akwai waɗanda suka fi ta nauyi nesa ba kusa ba, sai dai kiransu mota da wuya. Amurkawa suna da wani dandali mai tafiya a kan sarƙa, tan 2,700, da suka ƙera a 1965 don kai kumbo wurin harbawa. In ya yi lodi ba ya wuce kilomita ɗaya da rabi da ɗan ɗori a awa, amalanken shanu ma ya fi shi sauri. Shi ya ɗauki kumbon da ya kai mutane duniyar wata a 1969, kuma har yanzu yana aiki. Jamusawa kuma suna da injin haƙar gawayi mai suna Bagger 293, tan 14,200, tsayinsa mita 96.

A hamadarmu fa, an taɓa kawo irin waɗannan ƙattin?

An taɓa. Da aka samu man fetur a Hassi Messaoud ta Aljeriya a 1956, Faransawa suka rasa motar da za ta kai kayan haƙa cikin rairayi ba tare da an kwance su ba. Kamfanin Berliet na birnin Lyon ya ƙera T100 a 1957. In ta yi lodi tana kai tan 100, faɗinta ya kusa mita 5, injinta Cummins ne mai silinda 12 da ƙarfin doki 600, daga baya aka kai shi 700. Tayarta ɗaya ta zarce mita 2, wato ko dogon mutum ya tsaya kusa da ita sai ya ɗaga kai.

Guda huɗu kawai aka yi. Biyu suka yi aiki a Sahara, ɗaya ta yi aiki a mahaƙar uraniyom a Faransa, ɗaya aka kai ta baje koli a Amurka. Biyu sun rage a yau, ɗaya a Aljeriya, ɗaya a wurin ajiyar tsofaffin motocin Berliet kusa da Lyon.

Wadda ta yi wa hamada aiki na gaske ƙanwarta ce, Berliet GBC mai taya shida duka masu ja, wadda suke ce wa Gazelle, wato barewa. Daga ƙarshen 1959 zuwa farkon 1960, guda tara suka ratsa hamadar Tenere daga Janet ta Aljeriya har tafkin Cadi, suna kafa turakun ƙarfe don masu zuwa baya su gane hanya. Irin wannan motar an yi ta dubbai, sojoji suka yi shekaru suna amfani da ita.

Me ya sa muke ce wa tirela "telem", kuma mene ne ma'anar 911?

Telem daga Berliet ta fito. Suna da kan tirela mai dogon hanci da suka sa wa haruffa uku, TLM. Ya cika hanyoyin Nijar a zamaninsa har sunan ya bi kowace doguwar mota, ko Renault ce, ko DAF, ko ta Sin. Kamfanin kansa an haɗe shi da Saviem a 1978 ƙarƙashin Renault, a 1980 aka daina manna sunan Berliet a hancin mota. Sunan ya mutu a Faransa, amma yana raye a bakin ƴan tashar Maraɗi, har da yaran da ba su taɓa ganin ta ba.

Lambar Marsandi kuwa lissafi ce. Ta farko tana faɗin nauyin motar da kayanta a tan, biyun ƙarshe in ka ƙara musu sifili su ba ka ƙarfin doki. Don haka 911, wadda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce wa roka, tan 9 ce da doki 110. 1113 tan 11 da doki 130. 1924 tan 19 da doki 240. Duk wanda ya san wannan, in ya ga abin da ake ɗora wa 911 ranar Litinin ko Juma'a a kasuwarmu, zai gane cewa Bajamushen da ya rubuta lambar bai yi mafarkin haka ba.

Yaushe manyan motoci suka fara shigowa ƙasar Maraɗi?

Daga cikin na farko da suka keta ƙasar nan akwai wasu motocin Citroën guda takwas masu ban mamaki: gaba taya, baya sarƙar roba kamar ta tankar yaƙi. Sun taso daga Colomb-Béchar ta Aljeriya a watan Oktoba na 1924, suka sauko Yamai, suka bi ta ƙasar Maraɗi da Tasawa zuwa Damagaram da tafkin Cadi, tafiyar ta ƙare a Madagaska a 1925. Amma waɗannan wucewa suka yi.

Gyaɗa ce ta zaunar da mota a Maraɗi. Tun da jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912, gyaɗarmu ta nufi kudu, da farko a bayan raƙuma da jakuna, daga baya a mota ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. Cikin shekarun 1950 Faransawa suka tsiro da wani tsari na juya ta zuwa Parakou ta Benin, inda jirgin ƙasan Kwatano ke tsayawa: mota ta sauka da gyaɗa, ta hawo da siminti da gishiri da atamfa. A 1962 aka kafa Sonara, kamfanin gyaɗa na Nijar, ta karɓi cinikin. Da fari na 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya suka kashe gyaɗa, alhazan birni sun riga sun koyi riƙon mota, sai suka juya ga kayan da ke sauka a Kwatano da Lome su ratsa ta nan zuwa Najeriya. Kawuna yakan ce Maraɗi ba ta da teku, ba ta da dogo, telem ce jirginta. Yanzu ana shimfiɗa dogo daga Kano zuwa Maraɗi, aikin da aka ƙaddamar a 2021, kuma direbobi suna maganarsa da fargaba da fata a haɗe.

Me ya sa tsohuwar roka ba ta mutuwa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don ita ce aikina.

Marsandi mai zagayayyen hanci an fara yin ta a 1959, kuma Jamus ta ci gaba da ƙera ta don ƙasashe irin namu har 1995. An haɗa ta a Barazil, an haɗa ta a Iran, an haɗa ta a Inugu ta Najeriya. Injin da ke cikin 911 da 1113, wanda ake ce wa OM352, silinda shida ne a jere, lita 5 da ɗori, kuma babu kwamfuta ko ɗaya a jikinsa. Famfon gazuwal ɗinsa na ƙarfe ne zalla, injin ke juya shi. In ya tashi, ko ka cire batir zai ci gaba da aiki. In batir ya mutu, a tura ta a gangare. In ya sha iska, ka kwance ƙusa ɗaya, ka yi ta danna ɗan famfon hannu har kumfa ta ƙare, ka ɗaure. Duk abin da ke damun sa kana jin sa da kunne ko kana ganin sa a hayaƙi: baƙi, nozul (bakin da ke fesa gazuwal cikin silinda) ko matatar iska, shuɗi, yana cin baƙin mai, fari, ruwa ya shiga inda bai kamata ba.

Wata damina muna dawowa, tsakanin Ƙonni da Madawa, bututun da ke kai gazuwal daga tanki ya tsage da tsakar dare. Ba gari, ba kowa. Maigidana bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaro, sauko da jarkar nan." Muka ɗaure jarka a saman kai da igiyar tamfol, ya zura tiyo daga cikinta zuwa famfo, ya naɗe bakin da yankin tsohon tub. Ni na zauna a sama na rungume jarkar, yayyafi yana dukana, duk lokacin da ta yi ƙasa in buga rufin da ƙafa ya tsaya mu ƙara. Haka muka shigo Maraɗi da kiran assalatu. Warin gazuwal ya yi kwana uku a jikina, amma kayan mutane sun iso.

Akwai kuma abin da ba a faɗa: rokar da kake gani yau ba ita ce wadda ta fito daga Jamus ba sai a suna. An canza mata inji sau biyu, bodin katako kafinta ya sake shi sau uku, an ƙara wa sifirin ganye, mai walda ya yi wa shasi ɗori. Abin da ya sa ta rayu shi ne an ƙera ta yadda mutum mai sifana da guduma da haƙuri zai iya shiga cikinta. Girma bai taɓa raya mota ba. T100 ta yi ƴan shekaru ta koma abin kallo, roka kuwa jiya ma ta kawo aya daga Cadawa.

To, Howo da sauran motocin Sin ba su fi ta ba?

Sun fi ta ƙarfi, sun fi ta ɗaukar kaya, kuma sabuwa ta fi sauƙin kuɗi a kan ta Turai. Ba na raina su, su ke ɗauke da yashi da tsakuwar duk ginin da ake yi a garin nan. Abin da nake gaya wa mai saye shi ne ya tambayi irin famfon da ke ciki. Mai famfon ƙarfe muna gyara ta a nan. Mai kwamfuta kuwa ba ta yafe gurɓataccen gazuwal, kuma kowa ya san irin man da ake sayarwa a kwalba da jarka a bakin hanya. In nozul ɗinta ya lalace, sai an nemo mai na'ura.

Yaya motocin Agadas zuwa Dirku suke tafiya cikin rairayi da irin wannan lodi?

Wanda ya ga hotonsu ya san abin da ake nufi: Marsandi mai taya shida ko goma, an rataye mata jarkoki da katifu da buhuna har ba a ganin bodi, mutane a sama kamar tsuntsaye a reshe. Sirrin farko iska ce. Kafin a shiga rairayi mai laushi ana sace iskar taya har ta baje, don nauyin ya rabu a wuri mai faɗi, kamar yadda tafin raƙumi yake. Ana tafiya da sanyin safiya lokacin da rairayi ya kama jikinsa. In ta kafe, yaran mota su tona, su shimfiɗa faranti na ƙarfe a gaban taya, ta hau, su ɗauko su sake kaiwa gaba. Ana iya yin wuni a kan abin da bai kai kilomita ɗaya ba.

Dabarar sace iska sojoji ma sun gane ta. A yaƙin duniya na biyu Amurkawa sun yi wata mota mai suna DUKW, wadda ke tafiya a ruwa kamar kwalekwale ta fito tudu ta ci gaba, an yi fiye da 21,000. Direbanta yana rage iskar taya ko ya ƙara daga inda yake zaune, in ya fito kan yashin gaɓa.

Ba zan bar zancen Tenere ban ambaci itacen nan ba. Kandili ne guda ɗaya tilo a bakin rijiya, a fili mai nisan gaske da babu wani icce, ayarin gishiri na Bilma sun yi ɗaruruwan shekaru ba wanda ya karya masa reshe ya dafa shayi. A 1973 babbar mota ta buge shi ya faɗi. Gangar jikinsa tana gidan tarihi na Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa. Duk lokacin da na tuna, a matsayina na ɗan wannan sana'a, sai in ji nauyi a ƙirjina.

Lodi nawa doka ta yarda, kuma me ya sa ake matsa wa direbobi a sikeli?

Ƙasashen UEMOA masu amfani da sefa sun yi doka a watan Disamba na 2005, wadda ake kira doka ta 14. Faɗin mota kada ya wuce mita 2 da santimita 55, tsayi kada ya wuce mita 4. Aksil na gaba, wato ƙarfen da ke haɗa taya da taya, tan 6. Na baya tan 11 da rabi zuwa 12. Telem mai aksil shida, ita da kayanta, tan 51.

Direbobi suna ganin neman kuɗi ne kawai, kuma ban ce babu mai cin haram a bakin sikeli ba. Amma lissafin da ke ƙarƙashin dokar gaskiya ne. Daga 1958 zuwa 1960 Amurkawa sun shimfiɗa hanyoyin gwaji a jihar Illinois, suka sa motoci suna zagayawa dare da rana, suna auna yadda kwalta ke mutuwa. Abin da suka gano shi ne ɓarna ba ta bin nauyi daidai wa daida. In ka ninka nauyin aksil sau biyu, ɓarnar ta ninka kusan sau 16. Aksil da aka ɗora wa tan 18 maimakon 12 yana cin hanya kamar guda biyar. Kwarin nan biyu da kake gani a kwalta, inda tayoyi suka yi wa kansu magudana har ƙaramar mota ke goga ciki, daga nan suke.

Na ga abin da idona. Wani mai kaya, ba zan kama suna ba, ya matsa wa maigidana a ƙara buhun siminti a kan abin da motar ke iyawa. Maigidana ya ce, "Alhaji, don Allah a bar shi haka, motar ta cika." Ya ce in ba za mu ɗauka ba akwai masu ɗauka. Muka ɗauka, don akwai iyali. Ba mu yi rabin hanya ba tayar baya ta fashe, ta kusa da ita ta bi, sifirin ya karye, muka kwana huɗu a daji. Da aka zo lissafi, a kuɗin direba aka cire taya. Shi ya sa nake cewa in za a ci tara, a nemi wanda ya ba da umarnin lodi, kada a tsaya kan wanda ke riƙe da sitiyari.

Kayan da suka fi hanya girma fa, yaya ake kai su?

Da izini na musamman da rakiya. Mutanen Maraɗi sun ga irinsu lokacin ginin matatar mai ta Soraz kusa da Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, da lokacin shimfiɗa bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar Benin, kusan kilomita 2,000. Ana amfani da tirela mai ƙasa-ƙasa mai tayoyi da yawa don nauyin ya rabu, mota mai fitila a gaba, wata a baya, wani lokaci mutum a sama da sanda yana ɗaga wayoyin wuta.

A Ostareliya, inda hanya take miƙe ba gari, ana haɗa wa kai ɗaya tirela uku ko huɗu, tsawon mita 53 da rabi. A 2006 wani ya ja fiye da 100 a jere, kusan kilomita ɗaya da rabi, amma ɗan taƙi ya matsa don a rubuta a tarihi. Sojojin Amurka sun gwada nasu a hamadar Arizona a 1962: jirgin ƙasa marar dogo na kamfanin LeTourneau, mita 174, taya 54, kowace da injin wutarta. Ya yi aiki, amma kafin a gama gwaji jirage masu saukar ungulu sun fara ɗaukar kaya masu nauyi, sai aka watsar da shi.

Me ya haɗa tankar mai da tankar yaƙi har suke suna ɗaya?

Ɓoye sirri. Da Ingila ke ƙera na farko a yaƙin duniya na ɗaya, sai aka ce wa ma'aikata da masu leƙen asiri tankunan ruwa ne. Sun fara shiga fagen fama a Faransa ranar 15 ga Satumba 1916, sunan kuma ya zauna.

Wace ce mafi ban mamaki a cikin motocin yaƙi?

Ga ni, ta Rasha ce ta 1915. Tayoyinta na gaba biyu kamar na keke, amma kowace mita 9, sai wata ƙarama a baya. Ranar gwaji kusa da Mosko manyan suka tattake itace suka wuce, ƙaramar ta baya ta nutse a taɓo. Ba a iya fitar da ita ba. Ta yi shekara takwas a wurin tana tsatsa, a 1923 aka yanka ta. Duk yaron motar da ya taɓa tona taya a gulbi zai gaya musu inda nauyin zai taru.

Jamusawa a 1944 sun yi Maus, tan 188, tanka mafi nauyi da aka taɓa ƙerawa. Gada ba ta ɗaukar ta, sai suka shirya ta riƙa ratsa kogi ta ƙarƙashin ruwa, wata tana ba ta wuta ta waya daga gaɓa. Biyu aka yi, yaƙi ya ƙare ba su tsinana komai ba, abin da ya rage yana gidan tarihi na Kubinka a Rasha. Faransa tana da Char 2C, tan 69, mutum 12 a ciki, guda goma. A watan Yuni na 1940 aka ɗora mafi yawansu a jirgin ƙasa don a gudu da su, hanya ta toshe, sojojinsu suka fasa su da hannunsu a kan taragu.

Waɗanda suka yi amfani su ne waɗanda aka yi wa aiki ɗaya takamaimai. Ingila ta ɗaura wa tankar Sherman wani gungume mai juyawa da sarƙoƙi a gaba, yana dukan ƙasa kamar masu sussuka, nakiyoyi suna fashewa kafin sojoji su taka. A 1991 kuma, da aka cinna wa rijiyoyin man Kuwaiti wuta, mutanen Hangari suka zo da tsohuwar tankar T-34 da suka cire wa bindiga suka ɗora mata injin jirgin yaƙi MiG-21 guda biyu, tana hura iska da ruwa har wutar ta mutu. Wannan ita ce tankar da na fi girmamawa.

Gaskiya ne Toyota ta ci tankokin yaƙi a Cadi?

Gaskiya ne, a 1987, nan maƙwabtanmu. Libiya tana da tankokin T-55 da jirage, Cadi tana da a-kori-kura kusan 400 da Faransa ta ba ta, da makamin harbin tanka mai suna MILAN. A Fada cikin watan Janairu, sannan a Wadi Dum cikin Maris, dakarun Hassan Djamous, kwamandan sojojin Cadi, suka riƙa shigowa a guje ta gefe da gefe, kafin tanka ta juya bakin bindigarta sun harba sun wuce. Libiya ta yi asarar gomman tankoki. Mutanen sun san ƙasar, motarsu ba ta cin mai da yawa, kuma duk wani makaniki yana iya gyara ta.

Ba na faɗin wannan da murna. Darasin ya bazu, kuma ba sojoji kaɗai suka koya ba. Mutanen ƙasar Madarunfa da Gidan Runji sun san abin da ƴan bindiga a kan babur ke yi wa gari cikin dare ɗaya.

Wace ce motar nan mai dogayen ƙafafu da masu aikin rijiya da sojoji ke shiga daji da ita?

Galibi Unimog ce. Bayan yaƙin duniya na biyu aka tsara ta a Jamus don manoma, har faɗin tsakanin tayoyinta an auna shi da kunya biyu ta dankali. Aksil ɗinta ba ya tsakiyar taya, yana sama, wasu haƙoran ƙarfe ke saukar da juyin, shi ya sa cikinta ke nesa da ƙasa take tsallake kututture da kwazazzabo. Kayan gyaranta dai da tsada.

Ni ɗan kabu-kabu ne. Me ya kamata in sani game da telem?

Ɗan'uwa, in ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganin ka. Gefen damansa da dab da hancinsa da bayansa duk duhu ne a wurinsa. In zai karya kwana dama yakan fara buɗewa hagu, kada ka ga fili ka kutsa, tayoyin baya nan za su biyo. Birkinsa na iska ne, mai lodi kuma yana bukatar fili mai tsawo kafin ya tsaya, balle a gangare in ganguna sun yi zafi. Haka nake gaya wa masu adaidaita.

In kuwa tankar mai ta faɗi, ka yi nesa, ka kori yara. A watan Mayu na 2019 a Yamai, kusa da filin jirgin sama, mutane fiye da 50 suka ƙone suna kwasar man da ya zube. Allah ya jiƙansu.

Muna da tsohuwar Berliet ta mahaifinmu a ƙofar gida. Mu sayar wa ƴan gwangwan?

In magada suna bukatar kuɗin, hakkinsu ne, ba mai hana su. Amma ina roƙo a yi shawara kafin a kira mai wuta. Cikin ƴan shekarun nan na ga Berliet da Saviem da yawa an yanka su an auna a kilo, motocin da suka ɗauki gyaɗar Sonara, suka kai alhazai Kano su hau jirgi, suka kawo hatsin agaji a shekarun yunwa. Faransa ta ajiye T100 da ta yi ƴan shekaru tana aiki, mu kuwa waɗanda suka yi shekara arba'in suna ciyar da gari muna sayar da su kuɗin tunkiya. Ina fata wata rana Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ko ƙungiyar masu motoci su ware fili a jera ko guda biyar ne, da sunayen direbobinsu.

Kafin nan, in kun yanke shawarar ajiyewa, ga abin da za ku yi. Ku ɗaga ta a kan kututture don taya ta huta. Ku zubar da ruwan lagireto, ku bar baƙin mai a ciki. Ku cire nozul ku ɗiga mai kaɗan a kowace silinda, ku mayar, sannan duk wata biyu wani ya sa sifana ya juya injin da hannu don kada ya kame. Ku toshe bakin salansa da na shan iska saboda ɓera da zanzaro. Ku yi mata rumfa ko ta zana ce, don rana da ruwan damina su ke cin bodin katako. Ƙaramin farantin nan na ƙarfe mai lambar shasi, da tsohuwar takardar mota, da rubutun da aka yi a goshinta, ko "Allah ya kiyaye" ne ko "Haƙuri maganin duniya", kada a goge, kada a yar. In akwai tsohon direbanta ko yaron motarta da rai, ku zaunar da shi ku kunna waya, ku tambaye shi hanyoyin da ta bi da shekarar da aka sayo ta.